Sassaƙar Nyamwezi da mutum-mutumin zamanin Turawa: na gado ne ko na kasuwa?

Tambaya: Na ga hoton wani mutum-mutumi na itace a kundin wani gidan gwanjo. Namiji ne a tsaye, idanunsa na fararen duwatsun ado, yana da dara a ka da gajeren wando, an kuma rubuta a ƙarƙashinsa cewa aikin Nyamwezi ne na ƙasar Tanzaniya, daga zamanin mulkin mallaka. Shin irin wannan sassaƙa ta gado ce a wurinsu, ko don Turawa aka ƙirƙiro ta? Kuma shin gumaka ne da ake bauta wa?

Amsa: Malam, tambayarka ta haɗa abubuwa biyu da aka daɗe ana cuɗa su, wato lokacin da aka sassaƙa abu da kuma mutumin da aka sassaƙa shi dominsa. Fitowar mutum-mutumi daga zamanin Turawa ba ta nuna cewa Bature ne ya sa aka yi shi, kamar yadda rubuta sunan Nyamwezi a ƙarƙashin hoto ba ya tabbatar da cewa ɗan Nyamwezi ne ya riƙe gizagon. Kafin a yanke hukunci a kan wanda ka gani, dole ne a san mutanen da kuma hanyar da kayansu suka bi suka fita duniya, domin a wannan hanyar ce amsar take.

Ƙasar Nyamwezi tana tsakiyar yammacin Tanzaniya, a yankin Tabora da wani sashe na Shinyanga, kudu da ƙasar Sukuma waɗanda suke 'yan'uwansu na kusa a harshe da al'ada. Daji ne mai faɗi na itatuwan da ake kira miombo, mai dogon rani, kuma a cikinsa ne ake samun itacen mninga, dangin madobiya, wanda masassaƙa suke so saboda gara ba ta cin sa da sauƙi. Mutanen sun zauna ne a ƙananan masarautu masu yawa, kowace da sarkinta da ake kira ntemi. Abin da ya ɗaukaka sunansu a ƙarni na 19 shi ne fatauci. Da an gama girbi sai maza su ɗaura kaya, su kama hanyar gabas zuwa Bagamoyo da ke bakin teku daura da Zanzibar, ko ta yamma zuwa Ujiji a gaɓar Tafkin Tanganyika, wasu ma har Katanga a ƙasar Kwango ta yau. Suna kai hauren giwa da jan ƙarfe da gishirin Uvinza, har da bayi, su komo da yadi da duwatsun ado da wayar tagulla da bindigogi. Wanda ya san labarin fataken Kano masu zuwa Gwanja sayen goro, da madugunsu da zangonsu da 'yan alaronsu, ya riga ya san irin rayuwar da nake nufi. Larabawa da Sawahilawa sun kafa zangonsu a Tabora a tsakiyar ƙarnin, Mirambo sarkin Urambo ya yi ta gwabzawa da su a kan iko da hanyar tun daga 1871, ya kuma rasu a 1884, sannan wani bafatake daga wannan yanki mai suna Msiri ya kafa daularsa a Katanga, inda aka kashe shi a 1891.

Na kawo wannan tarihi ne domin sassaƙar Nyamwezi sana'ar matafiya ce. Mutumin da ya yi shekaru yana ratsa ƙasar Gogo da Luguru da Zaramo ta gabas, da ƙasar Tabwa da Luba ta yamma, ya ga kujerun sarakuna da sandunan girma iri-iri, ya kuma kai nasa salon duk inda ya sauka. Fararen duwatsun adon da ka gani a idanun wancan mutum-mutumi ma kayan ayari ne, daga bakin teku aka hauro da su. Saboda haka tun kafin Bajamushe ya kafa tuta a Tabora, aikin masassaƙan yankin ya riga ya sha da na maƙwabta da na nesa, kuma duk mai neman wata tsantsar sassaƙar Nyamwezi wadda baƙon abu bai taɓa shiga cikinta ba yana neman abin da tarihin mutanen bai haifar ba.

Yawancin abin da masassaƙi yake yi kayan amfanin yau da kullum ne: turmi da taɓarya, kujera mai ƙafa uku, akushi, ƙotar fartanya, ganga, da amya ta zuma, domin ƙasar Tabora ƙasar zuma ce har gobe. Suna kuma ɗinka akwatuna da ɓawon itace don ajiyar hatsi da tufafi. Kayan aikinsu gatari ne da gizago da wuƙa, kuma daga gungume guda ake fitar da abu ba tare da haɗi ba. Siffar mutum kuwa kaɗan ce a cikin wannan tarin aiki, kuma inda ta fi bayyana shi ne a jikin wani abu: kan mutum a marufin goran magani ko na ƙaho, kan mutum a saman sanda, ko mutum sukutum a bayan kujerar sarauta. Alamomin da masana suka saba dangantawa da yankin su ne itace mai nauyi da ya yi duhu saboda mai da yawan taɓawa, kai mai sanƙo ko mai ɗan kitso, kunnuwa da suka fito fili, baki mai ɗan turowa, da idanun duwatsun ado.

Aikin da ya fi kowane shahara shi ne kujerar sarautar Buruku, wata masarauta ta yankin, da ke gidan adana kayan al'adu na Barlin, wadda wani hafsan sojan Jamus ya kwaso a 1898. Kujera ce mai ƙafa uku da dogon majingini mai lanƙwasa, tsayinta ya ɗan haura mita ɗaya. A bayan majinginin an sassaƙa mutum ya manne da shi, kansa ya leƙo ta sama, hannuwansa sun kama gefe da gefe, ta yadda duk wanda ya zauna zai zama kamar an rungume shi ta baya. Kujerar ta wata mace ce mai sarauta, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a yankin, domin Mgalula ta gaji mahaifinta Nyungu ya Mawe a ƙasar Kimbu, Nyaso kuma ta yi sarautar Unyanyembe, masarautar da Tabora take cikinta. A ganina babu wani aiki da ya bayyana tunanin mutanen game da mulki kamar wannan kujera. Sarki a wurinsu ba ya zama shi kaɗai, akwai magabata a bayansa masu riƙe da shi, kuma daga gare su ne ake sa ran ruwan sama da amfanin gona da lafiyar ƙasa. Irin waɗannan kujeru masu dogon majingini ana samun su a wurin Luguru da Kaguru da Gogo da Hehe, har zuwa Tabwa a hayin tafki, wato a kan layin da ayari yake bi.

Misali na biyu ya fi kusa da tambayarka. A tsibirin Ukerewe da ke Tafkin Biktoriya an yi wani mutum-mutumi a fadar sarki, wanda ake kira Kigiilya. Labarin baka na mutanen Kerewe, kamar yadda masanin tarihi Gerald Hartwig ya tattara shi, ya ce wani masassaƙi ɗan Nyamwezi mai suna Buzuzya ne ya yi shi don gidan sarautar. Jamusawa sun tumɓuke Sarki Rukonge a 1895, mutum-mutumin ya bar fada ya faɗa hannun 'yan mishan na Katolika, daga nan ya kai ga hafsan soja Paul Kollmann, daga ƙarshe ya sauka a Barlin. Dubi yadda lamarin yake: mai sassaƙa ɗan Nyamwezi, mai abu sarkin Kerewe, wurin amfani tsibirin da ke nesa da Tabora. Da labarin bakan ya ɓace, da masu kundi sun rubuta masa sunan ƙabila ɗaya sun wuce, kuma kowanne suka zaɓa rabin gaskiya ne. Samun sunan masassaƙi irin wannan abu ne mai wuya ƙwarai a kayan ƙarni na 19, shi ya sa nake ganin ya kamata a riƙa ambaton Buzuzya duk lokacin da aka zo maganar sassaƙar Gabashin Afirka.

Game da bauta kuwa, addinin gargajiyar Nyamwezi ya san Mahalicci, wanda suke kira da sunaye irin su Likube da Liwelelo, amma hidimar yau da kullum ta fi karkata ga magabata. Ana gina musu 'yan ƙananan bukkoki a tsakar gida, a zuba giya ko kunu, a keɓe musu akuya ko tunkiya, kuma idan rashin lafiya ta zo sai a tafi wurin boka, wanda suke kira mfumu, ya duba cikin ɗan tsako ya faɗi magabacin da ya yi fushi. Duk wannan yana gudana ba tare da mutum-mutumi ba. Inda siffar mutum ta shigo, aikinta ɗaya ne daga cikin waɗannan: nuna darajar sarki, tunawa da wani mamaci, tsaron maganin boka, koyar da sababbin shiga ƙungiyoyin asiri, ko jan hankalin 'yan kallo a filin rawa. Wasu daga cikinsu lallai suna da alaƙa da tsafi da magani, ba zan ɓoye maka wannan ba, amma hoton jama'a sun taru suna durƙusa wa gunki guda bai dace da abin da aka rubuta game da mutanen ba. A yau kuma Nyamwezi da yawa Musulmi ne, wasu Kirista, kuma Tabora tsohuwar cibiyar Musulunci ce a tsakiyar ƙasar.

Yanzu sai zamanin Turawa. Wani kamfanin Jamus ya fara da'awar mallakar ƙasar a 1885, gwamnatin Jamus ta karɓi ragama a 1891, kuma a watan Janairu na 1893 sojojinta suka fasa ganuwar Sarki Isike na Unyanyembe, wanda ya mutu a wannan yaƙi bai miƙa wuya ba. Tun a 1889 majalisar tarayyar Jamus ta yi doka cewa kayan al'adun da aka tattaro a tafiye-tafiyen da gwamnati ta ɗauki nauyinsu a kai su gidan adana kaya na Barlin, mai kula da sashen Afirka a can, Felix von Luschan, ya kuma riƙa ƙarfafa hafsoshi su aiko masa da abin da suka samu. Ta haka ne Barlin ta tara abubuwa kimanin 10,000 daga ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau. Wannan yana nufin cewa kalmar zamanin mulkin mallaka a kan takarda sau da yawa tana nuna shekarar da aka ɗauke abu ne, alhali an sassaƙa shi shekaru da dama kafin nan. Kujerar Buruku da Kigiilya duka sun shiga kundi a zamanin Jamus, kuma babu ɗayansu da aka yi don Bajamushe.

Sai dai zamanin ya sauya masu sa a yi aiki, kuma masassaƙi a ko'ina yana bin mai biyansa. Harajin gida da aka fara karɓa a 1898 ya tilasta wa kowa neman tsabar kuɗi. Jirgin ƙasan da aka fara shimfiɗa wa hanya daga Darussalam a 1905 ya iso Tabora a 1912, ya kai Kigoma a 1914, ya karya kasuwar dogon ayari, sai samarin da a dā suke dako suka koma aikin gonakin Turawa a bakin teku, ko aikin hanyar jirgi, ko soja. Jamusawa sun fara rundunarsu da 'yan Sudan da mutanen kudancin Afirka, amma daga baya Nyamwezi da Sukuma suka yi yawa a cikin askarawan. Wannan batu yana da muhimmanci ga hoton da ka gani. Mutumin da ke sanye da dara da gajeren wando ba baƙo ba ne a idon masassaƙin Tabora na wancan lokaci. Zai iya zama wansa ko surukinsa, ko ɗan sandan da ke karɓar haraji a ƙauyensu, kuma tufafin alama ce ta sabon iko da albashi da tsoro. Masassaƙin da kakansa ya nuna girman mutum da kitso ko da abin wuya, shi sai ya nuna shi da dara da bel da takalmi. Aikin bai fita daga al'ada ba don ya ɗauki hoton abin da ya zama ruwan dare a gari.

Wurin da wannan ya fi fitowa shi ne gasar rawa. A ƙasar Sukuma da arewacin Nyamwezi akwai manyan ƙungiyoyin rawa biyu masu hamayya, Bagika da Bagalu, waɗanda suka samo asali a ƙarshen ƙarni na 19. Bayan kaka sai ƙungiyoyi biyu su kafa fage kusa da juna, kuma wadda ta fi tara 'yan kallo ita ce ta ci. Don janye jama'a daga fagen abokan hamayya, ana fito da manyan mutum-mutumi na itace da ake kira mabinda, wasu da hannuwa da ƙafafu masu motsi, a ɗaga su sama, a sa su yi abin dariya ko abin kunya ko kwaikwayon wani sananne. A irin wannan fage sabon abu shi ne jari, don haka siffar soja ko ta Bature mai hular kwano tana da amfani fiye da tsohuwar siffar da kowa ya saba gani. Waɗannan kayan an yi su a zamanin Turawa, suna ɗauke da alamun zamanin, amma jama'ar gari ne suka biya, su ne kuma suka yi kallo. Gidan tarihin Sukuma da ke Bujora kusa da Mwanza yana adana kayan waɗannan ƙungiyoyi, ana kuma yin gasar har yanzu.

Fadar sarakuna ma ba ta mutu nan take ba. Sojojin Beljiyam sun kama Tabora a watan Satumba na 1916, bayan yaƙi ƙasar ta koma hannun Birtaniya da sunan Tanganyika, sannan a 1925 aka kawo Donald Cameron daga Nijeriya ya zama gwamna, ya shigo da tsarin mulki ta hannun sarakuna wanda ya koya a can. Sarakunan Nyamwezi sun sami albashi da kotu da baitulmali, sun kuma ci gaba da buƙatar kujera da sanda da ganga don nuna matsayinsu, har zuwa 1963 lokacin da gwamnatin Julius Nyerere ta soke ikon sarakuna bayan samun 'yancin kai a 1961. Bayan wannan ne kayan fada da yawa suka rasa mai kula da su, kuma daga gidajen magada wasu suka zarce hannun dillalai.

Akwai kuma aikin da aka yi musamman don baƙo, kuma ba na raina shi. Hafsa ko ɗan mishan ko ma'aikacin jirgin ƙasa yana son tsaraba mai shiga akwati, sai masassaƙi ya yi masa soja ko mace mai tulu ko ɗan dako, da gindi mai faɗi don ya tsaya a kan tebur. Wannan kasuwa ta fi ƙarfi a bakin teku, wurin masassaƙan Zaramo. A wurinsu ne Mutisya Munge, mutumin Kamba daga Kenya, ya ga sana'ar lokacin da yake aikin dakon soja a Yaƙin Duniya na Farko, ya koma garinsu Wamunyu ya kafa sassaƙar da dubban mutane suke ci da ita yanzu. Tun da 'yan Nyamwezi sun cika garuruwan bakin teku suna aiki, kuma salon idanun duwatsun ado ba nasu ne su kaɗai ba, raba aikin wannan da na wancan ta hanyar kallon hoto kawai abu ne da ya fi ƙarfin kowane masani mai gaskiya.

Matsalar da ta fi damuna ta zo ne daga baya. Turawa masana sun daɗe suna cewa Gabashin Afirka ba ta da sassaƙar a zo a gani idan aka kwatanta da Kwango ko Afirka ta Yamma. Babban baje kolin sassaƙar Tanzaniya da aka yi a Jamus a 1994, da wanda aka yi na fasahar Afirka baki ɗaya a Landan a 1995, sun rushe wannan magana, farashi kuma ya tashi. Da farashi ya tashi sai kaya suka yi ta fitowa ba tare da takardar asali ba, sunan Nyamwezi ya zama inda ake jingina duk wani mutum-mutumi mai duhu da idanun duwatsu wanda ba a san garinsa ba. Wasu dogayen mutum-mutumi sirara kamar sanda, waɗanda masu saye suke ƙauna saboda sun yi kama da aikin wasu masu fasahar Turai na ƙarni na 20, an ba su bayanai iri-iri, wani ya ce na neman ruwa ne, wani ya ce na rawa ne, kuma shawarata ita ce kada a karɓi irin wannan bayani sai an faɗi wanda ya gani da wurin da ya gani. Tsufar da sabon itace kuma sana'a ce sananniya: a shafa mai da kunkunniya, a turara da hayaƙi, a binne a ƙasa gara ta ɗan taɓa gindin.

Saboda haka, Malam, mutum-mutumin da ka gani zai iya kasancewa na fagen rawa, ko na tsarabar wani Bature, ko sabon aiki da aka tsufar, kuma darar da ke kansa ba ta isa ta raba gardama ba. Ta dai nuna cewa mai yiwuwa siffar ba ta girmi zuwan askarawa yankin ba, wato wajen 1890. Abin da zai raba gardama shi ne tarihin hannuwan da ya bi. Ka tambayi gidan gwanjon wanda ya fara fitar da shi daga Tanzaniya, da shekarar, da garin, da kuma ko akwai tsohon hoto ko lambar kundi ko wasiƙa. Idan an sami damar duba shi, a lura ko santsin jikinsa yana wuraren da hannu yake kamawa ne kaɗai ko kuwa ya game ko'ina daidai wa daida, ko akwai sawun gizago ko na injin gurza, da kuma ko gindinsa na riƙewa a ɗaga ne ko na ajiyewa a kan tebur. Idan takardar ta nuna cewa ya fito ta hannun soja a shekarun yaƙin Jamus, to akwai tambayar ko ganima ce, kuma gidan adana kaya na Barlin da na ƙasar Tanzaniya suna aiki tare a kan irin wannan bincike a 'yan shekarun nan. Idan kuma ya fito bayan 'yancin kai ne, Tanzaniya tana da dokar kayan tarihi tun 1964, wadda aka yi wa gyara a 1979, kuma mai sayarwa ya kamata ya iya nuna izinin fitar da shi.